Dokar Zato: Tarihin Baƙar Fata da 'Yan Sanda a Titunan Ingila

Hausawa na cewa zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Amma a ƙasar Ingila an yi shekara 157 cur zaton ɗan sanda shi kaɗai yana iya kai mutum gidan yari. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin wannan doka, da yadda ta zama bulala a kan Baƙar fata, da kuma abin da ya saura bayan an soke ta. Dalilina shi ne Ingila ƙasa ce da mutanenmu suka daɗe suna zuwa neman ilmi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda abin ya ritsa da su ɗan Nijeriya ne.

Asalin dokar ba shi da alaƙa da launin fata. Bayan da aka ƙare yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815, sai sojojin da aka sallama da talakawan ƙauye suka cika birane, ba aikin yi, ba wurin kwana. Don haka a 1824 majalisa ta kafa dokar hana gararamba, wadda ta mai da bara da kwana a titi laifi. Sashe na 4 na dokar ya ba ɗan sanda ikon kama duk wanda ya ga yana kai da kawo a bainar jama'a, in dai yana zaton mutumin na nufin aikata laifi. Wannan sashe ne daga baya aka laƙaba wa suna "Sus", watau guntun kalmar Turanci mai nufin wanda ake zargi. Ni kuwa a nan zan kira shi Dokar Zato.

Mai karatu ya lura da yadda take aiki. Ba a bukatar a kawo kayan sata, ba a bukatar wanda aka yi wa satar ya bayyana, domin kuwa ba a yi satar ba. Abin da aka saba yi shi ne 'yan sanda biyu su tsaya gaban majistare su ce sun ga wane yana leƙa motoci ko yana matsawa kusa da jakar wata mata a tashar bas. Hukuncin na iya kai wata uku a kurkuku. To, yaya mutum zai kawo shaidar cewa bai yi niyyar abu a zuciyarsa ba?

A watan Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Jamaika da maƙwabtanta a Tilbury, kusa da Landan. Ƙasar na bukatar ma'aikata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dokar wannan shekara ta ba mutanen ƙasashen da Ingila ke mulka damar shiga su zauna. A 1949 wani saurayi daga Legas, David Oluwale, ya ɓuya cikin jirgin kaya ya sauka a Hull, daga nan ya zauna a birnin Leeds. A 1953 aka kama shi bayan wata hatsaniya, daga kurkuku aka wuce da shi asibitin masu taɓin hankali, inda ya yi shekara takwas. Da ya fito sai ya rasa matsuguni, ya koma kwana a ƙofar kantuna. Wani sufeto mai suna Geoffrey Ellerker da wani saje Kenneth Kitching suka sa shi gaba, suna dukansa, wani lokaci su ɗauke shi da mota cikin dare su yar da shi bayan gari. Ranar 4 ga Mayu 1969 aka tsamo gawarsa daga kogin Aire. Sai da wani ɗan sanda mai koyon aiki ya tona asiri sa'an nan aka yi bincike. A 1971 kotu ta wanke su daga laifin kisa, amma ta same su da laifin duka: Ellerker shekara uku, Kitching wata 27.

A daidai wannan lokaci, a unguwar Notting Hill ta Landan, wani mutumin Trinidad, Frank Crichlow, ya buɗe gidan abinci mai suna Mangrove a 1968, inda Baƙar fata ke taruwa su ci tuwon gida su yi hira. Tsakanin Janairun 1969 da Yulin 1970 'yan sanda suka kai wa gidan samame sau 12, wai suna neman ƙwaya, ba su kuwa samu ba. A watan Agustan 1970 mutane kamar 150 suka yi zanga-zanga, aka gurfanar da tara daga cikinsu. Bayan shari'ar kwana 55 a 1971 aka wanke su daga babban laifin tada tarzoma, har alƙali ya ce an ga alamun ƙiyayyar launin fata daga kowane ɓangare. Wannan magana ta girgiza hukumar 'yan sanda, don ba a saba jin irinta daga bakin alƙali ba.

A shekarun 1970 abin ya fi tsanani a kan samarin da aka haifa a can, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Ingila. Yaro zai fita makaranta ko kanti, sai labari ya zo wa uwarsa yana caji ofis, kuma da zarar an rubuta masa laifi, samun aiki ya zama wuya. Iyaye mata ne suka fara tashi. A unguwar Lewisham wata mata, Mavis Best, ta jagoranci yekuwar neman a soke dokar, wani matashin lauya kuma, Paul Boateng, wanda mahaifinsa mutumin Gana ne, yana ba su shawara. A 1980 wani kwamitin majalisa ya goyi bayansu.

Kafin a aiwatar, tura ta kai bango. A watan Janairun 1981 gobara ta hallaka matasa Baƙar fata 13 a wani gida a New Cross, jama'a kuma suka ga hukuma ba ta damu ba. A farkon Afrilu kuma 'yan sanda cikin farin kaya suka mamaye unguwar Brixton, suka tsai da mutum 943 cikin 'yan kwanaki suna lalube su, amma 118 kaɗai aka kama. Daga 10 zuwa 12 ga Afrilu unguwar ta kama da wuta, 'yan sanda wajen 300 suka ji rauni, aka ƙona motoci da gidaje. A watan Yuli rikicin ya bazu zuwa Liverpool da Manchester da Birmingham da Leeds. A watan Agusta aka soke Dokar Zato. Alƙali Scarman, wanda aka ɗora wa bincike, ya ba da rahotonsa a Nuwamba, inda ya soki yadda ake tsai da mutane ba ji ba gani, amma bai yarda cewa wariya ta zama jinin hukuma ba.

To, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Dokar 1984 ta ce lalle ɗan sanda ya kasance da ƙwaƙƙwaran dalili kafin ya lalube mutum, ya kuma rubuta abin da ya yi. Amma sashe na 60 na wata doka ta 1994 ya ba babban jami'i ikon keɓe wata unguwa na wani ɗan lokaci, a lalube kowa ba tare da dalili ba. A 1993 wasu samarin Turawa suka kashe Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, yana jiran bas a Eltham. 'Yan sanda suka yi sakaci da binciken, sai a 2012 aka ɗaure biyu daga cikin makasan. Rahoton Macpherson na 1999 ya faɗi abin da Scarman ya ƙi faɗa, watau wariyar launin fata ta shiga tsarin aikin 'yan sandan Landan. Ƙididdigar gwamnati ta shekarar 2019 zuwa 2020 ta nuna cewa a Ingila da Wales, cikin kowane Bature 1,000 an lalube 6, amma cikin kowane Baƙar fata 1,000 an lalube 54. A 2023 rahoton Baroness Casey ya sake maimaita hukuncin Macpherson.

Ni a ganina darasin wannan tarihi biyu ne. Na farko, dokar da ta dogara ga zato ba ta bukatar ambaton launin fata kafin ta zama ta wariya, domin mai zaton yana fitowa aiki da duk abin da aka cusa masa tun yana yaro. An yi ta don sojan da ya rasa gida, ta ƙare a kan ɗan makaranta mai jiran mota. Na biyu, duk ɗan gyaran da aka samu, ba alheri aka ga dama aka yi ba. Iyaye mata ne suka yi ta zarya caji ofis, lauyoyi suka tsaya a kotu, wani ɗan sanda guda ya ƙi rufa wa manyansa asiri. Ya kamata mu ma mu tambayi kanmu, a ko'ina muke, ko akwai wanda ake tsarewa a hanya saboda kamanninsa ko tufarsa ko harshensa kawai.

Birnin Leeds ya kafa wa David Oluwale allon tunawa a Afrilun 2022, aka sace shi a daren da aka buɗe shi, daga baya aka sake kafa wani. A 2023 kuma aka buɗe gada mai sunansa a kan kogin Aire. Nan zan dasa aya, da fatan 'yan'uwa masu nazarin tarihi da shari'a za su ɗora daga inda na tsaya.