Yadda Za Ka Tsaya Idan Kana Haki Bayan Motsa Jiki

Bayan wasan ƙwallo, noma ko dakon kaya a kasuwar Maigatari, kada ka ɗora hannuwa a ka. Sunkuya kaɗan ka dafa gwiwoyinka. Hakan yana ba tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu damar aiki sosai. Wani bincike da aka yi wa 'yan ƙwallo mata a Amurka a 2019 ya nuna bugun zuciya ya fi saurin lafawa a wannan tsayuwar.

Da numfashi ya daidaita, taka a hankali zuwa inuwa ka sha ruwa, domin tsayuwa cak tana tara jini a ƙafafu, ta kawo jiri.

Idan akwai ciwon ƙirji ko suma, ko hakin ya ƙi lafawa, a garzaya Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa.