Hoto Nawa a Sakan Guda? Taƙaitaccen Tarihin Wasannin Harbi na Kwamfuta da Yadda Suka Iske Ƙasar Kano

GABATARWA

Wasannin kwamfuta, waɗanda samarin yanzu ke kira gem, ba su cika samun shiga cikin rubuce-rubucen masu nazarin tarihi ba, domin akasarin jama'a sun ɗauke su a matsayin shiririta ta yara. Amma idan muka yi la'akari da kyau za mu ga cewa tarihinsu ya sarƙe da tarihin na'ura da wutar lantarki da hanyoyin sadarwa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin wani ɓangare guda na wannan tarihi, watau yawan hotunan da na'ura ke iya nunawa a cikin sakan guda, musamman a tsofaffin wasannin harbi da ake yi ta intanet. Daga nan kuma za mu duba yadda al'amarin ya iske ƙasar Kano, har da garuruwan da ke gefen birni ta arewa a Ƙaramar Hukumar Ungogo, irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa da Fanisau. Abin da muke son nunawa shi ne cewa a waɗannan wasanni gwaninta kaɗai ba ta taɓa isar mutum ba, sai ya haɗa da ƙarfin na'ura da kusancin hanya.

DAGA MAJIGI ZUWA TALABIJIN

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa babu wani hoto mai motsi a haƙiƙa. Abin da ake yi shi ne a jero hotuna sandararru, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, a nuna su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Dattawanmu da suka kalli majigi a ƙofar gidan hakimi, ko suka shiga silimar Rex wadda aka buɗe a Kano a 1937, hotuna 24 suke gani a kowane sakan, domin wannan adadi shi masu shirya fim suka tsayar tun ƙarshen shekarun 1920 lokacin da aka haɗa hoto da magana.

Da talabijin ta zo, sai lissafin ya koma kan wutar lantarki. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ta kafa wa Jihar Kano tata mai suna CTV 67. Wutar Nijeriya, kamar ta Ingila, tana juyawa sau 50 a sakan, saboda haka talabijin ɗinmu ta kasance tana nuna cikakkun hotuna 25 a sakan. A Amurka da wutarsu ke juyawa sau 60, hotunansu kusan 30 ne.

To, shi mai kallon fim zaune yake kawai, an riga an gama ɗaukar hotunan tun kafin ya zo. Shi kuwa mai wasan kwamfuta, na'ura ce ke zana masa kowane hoto nan take bisa ga abin da hannunsa ya yi. Idan na'urar tana zana hotuna 30 a sakan, tsakanin hoto da hoto akwai kashi 33 cikin 1,000 na sakan. Idan 100 take zanawa, kashi 10 ne kacal. Ga wanda ke neman ya riga abokin karawarsa harbi, wannan 'yar tazara ba ƙaramin abu ba ce.

ZAMANIN DOOM DA QUAKE

A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani mai suna id Software da ke jihar Texas ta Amurka ya fito da wasan Doom, inda mai wasa ke ganin duniyar wasan ta idon mayaƙin da yake sarrafawa. Wanda ya tsara injin wasan, John Carmack, ya sa masa iyakar hotuna 35 a sakan. Sai dai kwamfutoci da yawa na wancan lokaci ba su iya kaiwa ga haka. Saboda haka aka yi wa wasan wata dabara: mai raunanniyar na'ura yana iya rage faɗin hoton ya koma ɗan ƙarami a tsakiyar allo, domin zanen ya yi wa na'urar sauƙi. Ashe tun daga farko mai ƙaramin ƙarfi sai ya zaɓa, ko ya gani da kyau ko ya gani da sauri.

A 1996 kamfanin ya sake fitowa da Quake, wanda lissafinsa ya fi na Doom nauyi nesa ba kusa ba, har ya tilasta wa mutane da dama sayen kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Pentium. A ƙarshen wannan shekara kuma kamfanin 3dfx ya kawo katin zane mai suna Voodoo, watau wani allo na musamman da ake cusawa cikin kwamfuta wanda ba ya da aikin komai sai zana hotuna. Da aka gyara Quake a farkon 1997 domin ya yi aiki da irin wannan kati, sai hoton ya ƙara kyau kuma ya ƙara sauri a lokaci guda. Daga nan kasuwar katin zane ta buɗe. Kamfanin Nvidia ya fito da GeForce 256 a 1999, kuma a ƙarshen 2000 ya saye kadarorin 3dfx.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wannan rige-rige na banza ne. A 1997 an yi gasar Quake wadda aka kammala a birnin Atlanta, inda wani saurayi mai suna Dennis Fong ya ci motar Ferrari ta shi Carmack ɗin. Tun daga lokacin wasan ya fara zama sana'a, kuma mai sana'a ba ya wasa da kayan aikinsa.

SIRRIN HOTO 125

Misalin da ya fi kowane bayyana wannan al'amari shi ne na Quake III Arena, wanda ya fito a Disamba 1999, kuma an gina shi ne musamman domin karawa tsakanin mutane. Injin wasan yana lissafa motsin mayaƙi sau ɗaya a kowane hoto, kuma a cikin lissafin yakan cike ko ya zubar da ɗan ragowar da bai kai lamba guda ba, kamar yadda ɗan tireda ke yi da canjin da bai kai a bayar ba. Masu wasa suka gano cewa idan na'ura ta tsaya daram a kan hotuna 125 a sakan, watau kashi 8 cikin 1,000 na sakan ga kowane hoto, wannan cikon yakan faɗa wa mai wasa a riba, har tsallensa ya ɗan ɗara na sauran. Sakamakon haka akwai dakalin da mai hotuna 125 ke iya hawa da tsalle ɗaya, mai hotuna 60 kuwa sai ya kewaya. Daga baya an ƙara wa wasan wani tsari da ke raba lissafin motsi da yawan hotuna, amma kafin nan 125 ta riga ta zama ƙa'ida ga 'yan gasa.

A wannan shekara ta 1999 ne kuma wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ɗauki wasan Half-Life na kamfanin Valve suka sake masa fasali ya zama Counter-Strike. Valve ya karɓe shi ya sa a kasuwa a 2000, kuma sigarsa ta 1.6 wadda ta fito a 2003 ta daɗe ana yayinta. Farin jininsa ya samo asali ne, a wani ɓangare, daga rashin nauyinsa, domin ko tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarsa. Duk da haka 'yan gasa sun nace sai sun sami hotuna 100 a sakan, kuma sun yi shekaru suna riƙe da tsohon allo mai ƙeya, domin yana iya sabunta hoto sau 85 ko 100 a sakan, alhali falalen allon da ya fara fitowa bai wuce sau 60 ba.

NISAN HANYA

Saurin zane rabin magana ne kawai. A wasan intanet, duk abin da mai wasa ya yi sai an aika da shi ga wata babbar kwamfuta mai raba gardama, wadda ake kira uwar garke, ita kuma ta maido da hukunci. A shekarun 1990 akasarin mutane ta layin tarho suke shiga intanet, saƙo kuma yakan ɗauki kashi 150 zuwa 300 cikin 1,000 na sakan kafin ya je ya dawo. Ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai masu layi mai ƙarfi kuwa nasu bai kai rabin haka ba, shi ya sa sauran masu wasa suka riƙa yi musu laƙabi na zambo.

Masu tsara wasanni sun yi ƙoƙarin rage wannan giɓi. A Disamba 1996 aka fito da QuakeWorld, inda kwamfutar mai wasa ke nuna masa motsinsa nan take bisa hasashe, ba tare da ta jira amsa ba. A 2000 kuma Valve ya kawo tsarin da uwar garke ke waiwayawa baya ta duba inda abokin karawa yake a daidai lokacin da aka yi harbin. Waɗannan dabaru sun taimaka ƙwarai, sai dai akwai nisan da ya fi ƙarfinsu.

YADDA ABIN YA ISKE ƘASAR KANO

A daidai lokacin da Counter-Strike ke tashe, watau farkon shekarun 2000, shagunan intanet da ake kira kafe sun fara yawaita a birnin Kano. Da yawa daga cikinsu ta kwandon tauraron ɗan'adam suke samun layi. Irin wannan tauraro yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Saƙo zai hau ya sauka, amsa ma ta hau ta sauka, jimla fiye da kilomita 140,000 ke nan, kuma ko da gudun haske ba za a yi wannan tafiya a ƙasa da kusan rabin sakan ba. A cikin rabin sakan, abokin karawar da ke Jamus mai hotuna 60 ya riga ya ga hotuna 30. Aika wasiƙa ko duba sakamakon jarrabawa ba ya damuwa da wannan jinkiri, amma wasan harbi ba ya yiwuwa da shi. Wayar da aka shimfiɗa ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta fara aiki a 2002 a hannun NITEL, amma sauƙi bai samu sosai ba sai da Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, kuma daga Legas zuwa Kano akwai sauran tafiyar kusan kilomita 1,000.

Na biyu kuma akwai batun na'urorin kansu. Akasarin kwamfutocin da suka cika shaguna na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, kuma kwamfutar ofis ba a cika sa mata katin zane na musamman ba. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya na'ura, zafin bazara kuma yakan kai awo 40. Ƙwaƙwalwar kwamfuta irin ta Pentium 4 da ta fito a 2000, idan ta yi zafi da yawa takan rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, nan take kuwa hotuna su ragu. Na uku shi ne wuta. An canja sunan NEPA zuwa PHCN a 2005, aka miƙa rarraba wutar Kano ga KEDCO a 2013, amma mai shago bai rabu da janareta ba, kuma kuɗin mai a kan mai wasa yake ƙarewa.

Idan haka lamarin yake a tsakiyar birni, ina ga ƙasar Ungogo? Wannan yanki ne da tun fil azal aka san shi da cunkoson jama'a da noman da ba a barin gona ta huta, kuma a 'yan shekarun nan birni yana ta cinye gonakinsa ta wajen Rijiyar Zaki da Bachirawa, gidaje na riga wuta da hanya isa. Saboda haka abin da ya dace da irin waɗannan unguwanni shi ne gidan gem mai talabijin da PlayStation da ɗan janareta, inda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa su buga ƙwallo. A nan ba a bukatar intanet, kuma tun da na'ura ɗaya ke zana wa kowa hoto, babu wanda ya fi wani. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasan ƙwallo ya yi jijiya a gidajen gem na Kano, wasan harbi na intanet kuwa zamaninsa na farko ya wuce mu sai labari.

Wayar salula ce ta canja wannan. Ta shigo Nijeriya a 2001, layi mai sauri na 4G ya fara bazuwa daga 2016, sa'an nan aka fito da Free Fire a 2017, da PUBG Mobile a 2018, da Call of Duty Mobile a 2019. Free Fire musamman an tsara shi ne domin ƙananan wayoyi. Sai ga shi saurayi a Fanisau, da wayar da ya sayo a kasuwar Farm Centre, yana karawa da mutanen wasu ƙasashe. Amma tsohuwar matsala ta biyo shi: dole ya rage kyan hoto domin ya sami sauri kamar mai Doom na 1993, wayar na rage gudu idan ta yi zafi, uwar garke kuma galibi tana wata ƙasa mai nisa.

KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa daga hotuna 24 na majigi zuwa 35 na Doom da 125 na Quake III, yawan hotuna ya tashi daga abin kallo ya zama makami a hannun mai wasa. Mun kuma ga cewa abubuwa uku ne suka hana ƙasar Kano shiga sahun farko, watau raunin na'ura da nisan hanya da rashin wuta. Hausawa na cewa da abin daka ake daka. Waɗannan abubuwa uku kuwa ba su tsaya ga wasa ba, domin tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ɗalibin Ungogo da ke neman gurbi a jami'a da irin waɗannan na'urori da wannan wuta yake dogaro. Saboda haka wanda ya auna yadda wasan harbi ke gudu a wata unguwa, ya sami ma'auni mai kyau na irin tanadin da aka yi wa matasanta.