Ma'anar matani a hannun wa take? Tarihin darasin Ingilishi a makarantun sakandare na Amurka

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu bi sawun darasi guda, wato na Ingilishi a makarantun sakandare na Amurka, domin mu ga yadda aka yi ta sauya amsar tambaya ɗaya: idan ɗalibi ya karanta waƙa ko labari, wa ke da ikon faɗin abin da matanin yake nufi?

Darasin ya samo asali ne daga jarrabawa. A 1874 jami'ar Harvard ta fara buƙatar mai neman shiga ya rubuta gajeren insha'i bisa wani littafi daga jerin da ta tsara. Sauran jami'o'i suka bi sahu. A 1893 rahoton Kwamitin Mutum Goma, ƙarƙashin Charles Eliot, ya tabbatar da Ingilishi a matsayin cikakken darasi. A wancan lokaci ma'ana tana hannun mai jarrabawa: ɗalibi yana haddace tarihin marubuci da bayanan kalmomi, ya mayar. Ƙorafin malamai kan wannan jeri na dole shi ya haifar da ƙungiyarsu ta ƙasa, NCTE, a Shikago a 1911.

Mataki na biyu ya fito daga masana. A 1929 I. A. Richards ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Kambirij, inda ya ba ɗalibai waƙoƙi ba tare da sunan mawaƙi ba, ya kuma nuna yawan kuskuren fahimtarsu. A 1938 Brooks da Warren suka fitar da littafin koyarwa, Understanding Poetry, wanda ya mayar da hankali kan kalma, siffantawa da tsarin waƙa. Ma'ana ta koma cikin matanin kansa. Duk wanda ya yi lise a tsarin Faransa zai ga kamanninsa da fashin baƙin matani da muka gada.

Sai dai a wannan shekara ta 1938 Louise Rosenblatt, wadda ta yi digirinta na dakta a Sorbon, ta buga Literature as Exploration. A ganinta ma'ana tana samuwa ne a haɗuwar matani da mai karatu, tare da abin da ya zo da shi na rayuwa. Ra'ayin bai yi tasiri sosai ba sai bayan taron Dartmouth na 1966, inda malaman Ingila da Amurka suka yi muhawara, aka kuma fara ɗaukar rubutun ɗalibi a matsayin hanyar tunani. A 2010 ma'aunan Common Core suka sake karkata ga kafa hujja daga cikin matani.

Abin lura shi ne, kowace amsa ta zo da irin rubutun da take nema ga ɗalibi: haddar bayani, ko sharhi mai hujja, ko bayyana ra'ayi. Saboda haka zaɓen hanyar nazari zaɓe ne na abin da za a ba maki. Mu da ke horar da malaman adabi, ko na Faransanci ko na Hausa, ya kamata mu fayyace wa ɗalibanmu wace amsa muka ɗauka tun kafin mu riƙa jan biro kan takardunsu.