Hanyar Shiga Aikin Koyar da Ƙananan Yara a Ƙasar Yawuri: Daga Zaɓen En'e zuwa Jarrabawar Jami'a

Tun kafin zuwan Turawa, yaron ƙasar Yawuri yana da malamansa na farko. A garuruwan Musulmi akwai makarantar allo, inda ake kai yaro tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar. A tsibiran Gungawa kuwa, da ƙauyukan Kambari na wajen Ngaski, da na Shangawa a bakin Kwara, uwa da kaka da yayye su ne ke koya wa yaro magana da ladabi, kafin ya bi uba zuwa gona ko cikin kwalekwale. Babu wanda ya nemi wannan aiki da takarda. Shekaru da amincewar jama'a su ne shaidarsa.

Da ilmin boko ya shigo Arewa, sai malanta ta zama aikin da hukuma ke zaɓar masu yinsa. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma ta fara horar da malamai a 1921. A wannan zamani ba yaro ne ke neman shiga ba. Sarakuna da hakimai ne ke kawo yara elementare, daga nan a tace masu ƙoƙari zuwa midil, sa'an nan En'e ta tura wasu kwalejin horon malamai. Amma akwai wata al'ada da ta kafu tun a lokacin, wato malamin da ya fi ƙarancin horo shi ake ba ajin farko, a bisa zaton cewa ƙaramin yaro ba ya bukatar gwani.

Abubuwa biyu ne suka nuna illar wannan zato a ƙasar Yawuri. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968. Tafkin ya cinye tsibirai da garuruwa, aka sake wa mutane fiye da dubu 40 matsuguni. Iyalan da suka rayu a warwatse suka taru a sababbin ƙauyuka, 'ya'yansu kuma suka shiga aji ɗaya da harsuna daban-daban a bakinsu. Na biyu shi ne shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda Janar Obasanjo ya ƙaddamar a 1976. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, har aka riƙa ɗaukar malaman wucin gadi, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su suna kan aiki.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun share fage na yara masu shekara uku zuwa biyar, ta kuma ce a koyar da su da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Sai dai ta bar buɗe irin waɗannan makarantu a hannun masu zaman kansu. Sakamakon haka a fili yake: makarantun renon yara suka yaɗu a manyan birane inda iyaye ke iya biya, ɗan masunci na bakin tafki kuwa bai san da su ba. Wannan giɓi bai fara cikewa a doka ba sai da Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, daga baya kuma manufar 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya.

A daidai wannan lokaci ƙofar shiga malanta ita ma ta canza. An kafa hukumar JAMB a 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'a. Aka daina takardar malanta mai daraja ta biyu, takardar NCE ta zama mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamin firamare. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, jihar ta sami kwalejin ilmi tata a Argungu, wadda ke ɗauke da sunan Adamu Augie. Yau saurayi ko budurwa daga Shanga mai son karanta ilmin ƙananan yara a jami'a yana da hanya biyu. Ko dai ya ci darussa biyar na sakandare da kyakkyawan sakamako, har da Turanci da lissafi, ya zauna jarrabawar JAMB, ko kuma ya fara samun NCE, sa'an nan ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Aikin da a da ake ba wanda bai ƙware ba ya zama fannin da ake yi wa digiri.

Amma ɗaga darajar takarda bai isa ba, muddin masu neman ta ba 'yan ƙasar ba ne. Harshen Shanga ya ragu ƙwarai, mafi yawan Shangawa sun koma Hausa, harsunan Gungawa da Kambari ma suna fuskantar irin wannan matsi. Malamar da ta zo daga nesa ba za ta iya cika umarnin koyarwa da harshen uwa ba, ko da wane irin digiri ta zo. Har ila yau, sace ɗalibai da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a 2021 ya ƙara wa iyaye tsoron barin 'ya'ya mata su kai ƙarshen sakandare, alhali daga cikinsu ne ake sa ran samun waɗannan malamai.

Ƙasar da ta haifi Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski, masanin tarihi kuma tsohon shugaban Jami'ar Sakkwato, ba ta rasa masu basira ba. Abin da ya rage ga ma'aikatan ilmi na ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga shi ne su nemo ɗalibai masu jin harsunan yankin, su tallafa musu da kuɗin jarrabawa da na karatu, su kuma tanadar musu gurbin aiki a ƙauyukansu idan sun gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarar ma sai an horar da shi.