Fiyano: yadda kamfanoni ke riƙe dilolinsu, da abin da ya shafi mai saye a Dakoro

A bakin Bahaushe, «fiyano» na nufin na'urar kiɗa ta lantarki da ake ji a waƙoƙin fina-finan Kano, da na biki, da na yabo. Asalin sunan kuwa na wani babban abin kiɗa ne na katako mai maɓallai 88 da tsirkiya sama da 200, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajajen shekarar 1700. Ko na katako ko na lantarki, galibi kamfani ba ya sayar wa mawaƙi kai tsaye. Dila ne ke tsakani.

Su wa ke ƙerawa?

Daga cikin manya akwai Steinway & Sons, da aka kafa a New York ta Amurka a 1853, da Yamaha ta 1887 da Kawai ta 1927, dukansu biyu a birnin Hamamatsu na Japan. Yamaha, wadda samfurinta na PSR ya yi suna a ɗakunan ɗaukar waƙa na ƙasar Hausa, tana kula da kasuwar Afirka ta hanyar reshenta na Dubai, Yamaha Music Gulf.

Irin tallafin da dila ke samu

Na farko shi ne yanki. Kamfani kan ware wa dila wani gari ko wata ƙasa, don kada wakilansa su riƙa karya wa juna farashi.

Na biyu jari. Fiyano kaya ne mai tsada da kan daɗe a shago, shi ya sa ake ba dila rangwamen sari, wani lokaci kuma a haɗa shi da masu ba da lamuni, ya biya bayan ya sayar.

Na uku horo. Fiyanon katako na bukatar gwani ya daidaita masa murya aƙalla sau ɗaya a shekara, saboda haka kamfanoni ke horar da masu gyara, suna kuma aika musu kayan gyara na asali.

Na huɗu samar da masu saye. Tun 1954 Yamaha ta fara azuzuwan koyar da kiɗa, kuma yawancinsu a shagunan diloli ake yin su. Yaron da ya koya yau, shi ne mai sayen gobe.

Na biyar garanti. Idan kaya ya lalace cikin wa'adi, dila ya karɓa, kamfani ya ɗauki nauyin gyara.

Ina mai saye na Dakoro ya tsaya?

Duk wannan gata a ƙofar dilan da kamfani ya amince da shi yake tsayawa. Matashin da ke son buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a Dakoro yakan nufi Maraɗi ko Kano, inda sabo da na hannu ke gauraye a kasuwa. Na hannu ya fi araha, amma ba garanti, ga ƙurar hunturu da zafin bazara da hawa da saukar wutar lantarki suna jiran sa. Ranar da ya tsaya, jarin ya tsaya.

Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya nemi rasiɗi mai ɗauke da lambar na'urar, ya tabbatar cajar ta asali ce, ya gwada kowane maɓalli, sannan ya tambayi mai shago: in ta lalace, wa zai gyara, kuma a ina?