Harajin Gida da Harajin Albashi: Ƙuri'u Biyu da Suka Sauya Kalifoniya

A ranar 6 ga Yunin 1978 mutanen jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka fita ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 65 cikin ɗari suka amince a zabtare harajin da ake biya a kan gidaje da filaye da gine-ginen kasuwanci. Kafin gari ya waye, birane da gundumomi da makarantun gwamnati sun rasa fiye da rabin abin da suke samu ta wannan hanya, kuɗin da ya haura dala biliyan 6 a shekara. Bayan shekara biyu, ranar 3 ga Yunin 1980, mutumin da ya ja ragamar wancan yunƙuri ya dawo da sabuwar buƙata, wai a raba harajin kuɗin shiga na jiha gida biyu a yafe wa kowa rabi. Jama'ar da suka ɗauke shi a kafaɗa jiya su ne suka juya masa baya, kusan kashi 61 suka ce ba su yarda ba.

Duk wanda ya ɗauka cewa talaka haraji kawai yake ƙi, ko wane iri ne, zai rasa yadda zai haɗa waɗannan sakamako biyu. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Tushen maganar ya koma 1965, lokacin da aka bankaɗo cewa wasu jami'an da ke ƙiyasta darajar kadarori suna karɓar na goro daga 'yan kasuwa don su rage musu haraji. Na birnin San Faransisko, Russell Wolden, har gidan yari ya shiga. A 1966 majalisar dokokin jiha ta yi dokar gyara, ta ce daga yau kowace kadara, gidan zama ne ko masana'anta, da mudu ɗaya za a auna ta, gwargwadon farashinta a kasuwa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ashe jami'an nan, da yake zaɓensu ake yi, sun daɗe suna sassauta wa masu gidajen zama don neman ƙuri'a. Da aka toshe wannan ƙofa, nauyin ya gangaro kan magidanta, kuma harajin kowa ya zama ɗaure da farashin gidaje a unguwarsa.

Sai ga shekarun 1970 sun zo da hauhawar farashi. A kudancin jihar, gidaje suka riƙa ninka kuɗinsu cikin 'yan shekaru. A wancan lokaci matsakaicin haraji ya kai kimanin kashi 2.7 na darajar gida a kowace shekara. Ɗauki misalin tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gidan da aka yi wa kuɗi dala 40,000: harajinta dala 1,080 ne. Jami'i ya zo ya sake ƙiyasi, ya ce gidan yanzu ya kai dala 80,000, haraji ya koma 2,160. Ba ta ƙara ɗaki ba, ba ta sayar da komai ba, fanshonta yana nan yadda yake. Arzikin da aka ce ta yi a takarda yake, kuɗin da ake nema a hannunta kuwa tsaba ne, sau biyu a shekara, a Disamba da Afrilu, wanda ya daɗe bai biya ba kuma ƙarshenta gidan ne zai salwanta. Mutanen da suka shafe shekara talatin suna biyan bashin gida suka fara lissafin ko za su iya ci gaba da zama a cikinsa. A nan zafin yake, kuma a ganina fushinsu yana bisa gaskiya.

Harajin kuɗin shiga ba haka yake zuwa ba. Yana bin abin da mutum ya samu, in samu ya ragu shi ma ya ragu, in aiki ya tsaya shi ma ya tsaya. Tun daga 1972 ma jihar ta fara cire shi daga albashi kafin ya iso hannun ma'aikaci. Gwamna Ronald Reagan ya daɗe yana adawa da wannan tsari, yana mai cewa ya kamata mai biyan haraji ya ji zafinsa a jikinsa, kafin daga baya ya sa wa dokar hannu a 1971. Binciken jin ra'ayin jama'a da wata hukumar tarayya ta fara gudanarwa a 1972 ya nuna cewa a wannan shekarar harajin kadarori ne Amurkawa suka fi ɗauka a matsayin mafi rashin adalci.

Duk da haka mutanen Kalifoniya ba su yi gaggawa ba. A 1968 da 1972 an kawo musu ƙudurorin taƙaita harajin kadarori, suka kayar. A 1973 Reagan da kansa ya kawo nasa na ɗaure hannun gwamnati wajen haraji da kashe kuɗi, shi ma ya sha ƙasa. Abin da ya kai tura bango shi ne halin da gwamnatin jiha ta nuna a 1977. Hauhawar farashi ta cika baitulmalin jiha, rarar kuɗi ta doshi dala biliyan 5 a ƙarƙashin Gwamna Jerry Brown, amma 'yan majalisa suka shafe shekarar suna jayayya kan yadda za a sauƙaƙa wa masu gidaje, suka tashi ba tare da sun zartar da komai ba. Mutum yana neman rancen biyan harajin gidansa, yana kuma karanta a jarida cewa gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗi.

Ta wannan tsaga Howard Jarvis ya shigo. Tsohon ɗan kasuwa ne haifaffen jihar Yuta, ya haura shekara saba'in, mai kaushin harshe, wanda ya sha tsayawa takara yana faɗuwa, kuma a lokacin shi ne ke jagorantar ƙungiyar masu gidajen haya ta gundumar Los Anjelis. Ya haɗa kai da Paul Gann daga yankin Sakramento, babban birnin jihar. Tsarin mulkin Kalifoniya tun 1911 ya ba jama'a damar rubuta doka da kansu su kai ta akwatin zaɓe idan sun tara isassun sa hannu. Ana buƙatar kimanin dubu 500, su biyun suka tara fiye da miliyan ɗaya da dubu 200. Aka ba ƙudurin lamba 13.

Abin da ya ƙunsa gajere ne. Haraji ba zai wuce kashi 1 na darajar kadara ba. Za a mayar da darajar kowace kadara yadda take a 1975, kuma ba za a ƙara mata fiye da kashi 2 a shekara ba, sai ranar da aka sayar da ita ko aka yi sabon gini. Sannan majalisar jiha ba za ta ƙara wani haraji ba sai da amincewar kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta.

Kusan duk masu faɗa a ji sun yi adawa da shi: gwamna, shugabannin majalisa, ƙungiyoyin malamai da ma'aikata, manyan jaridu, har da wasu manyan bankuna da kamfanoni. Majalisa ta yi sauri ta fito da nata sassaucin, mai lamba 8, amma ta makara. A watan Mayu, saura 'yan makonni a yi zaɓe, ofishin ƙiyasi na gundumar Los Anjelis ya bari mutane su ga sabbin alƙaluman gidajensu. Aka yi ta layi, mutane na fitowa da takardun da ke nuna an ninka musu ƙima. Daga ranar, gargaɗin da ake yi cewa za a rufe makarantu da ofisoshin kashe gobara ya daina shiga kunnen kowa.

Bayan zaɓe Brown ya rungumi dokar da ya yaƙa, har Jarvis ya fito a tallan talabijin yana yaba masa, ya kuma sake lashe zaɓen gwamna a Nuwamba. Jiha ta kwashi sama da dala biliyan 4 daga rarar nan ta cike wa ƙananan hukumomi da makarantu giɓi. An soke karatun hutun bazara a wurare da dama, ɗakunan karatu sun rage lokutan aiki, an sallami wasu ma'aikata, amma rugujewar da aka yi ta hasashe ba ta auku nan take ba. Wannan ya ƙara wa masu tawayen haraji ƙarfin gwiwa. A 1979 ƙudurin Gann na taƙaita kuɗin da gwamnati za ta kashe ya wuce da kusan kashi 74. A 1980 jihar Masacusets ta yi nata makamancin na 13.

Da wannan guguwa Jarvis ya tunkari harajin kuɗin shiga, ƙuduri mai lamba 9, kuma da farko alamu sun nuna zai yi nasara. Amma da mutane suka zauna suka yi lissafi sai abin ya sauya. Harajin kuɗin shiga a Kalifoniya hawa-hawa ne, mai babban samu shi ke biyan kaso mafi girma, don haka yafe rabi na nufin attajiri ya tafi da dubbai, leburan kamfani ya tafi da abin cefanen 'yan kwanaki. Rarar baitulmali ta kama hanyar ƙarewa, kowa kuma ya gane cewa makarantar ɗansa yanzu da kuɗin jiha take numfashi. Ga 'yan haya, waɗanda aka sa wa rai cewa kuɗin haya zai sauka idan masu gidaje suka samu sauƙi, ba su ga komai ba. Fushinsu ne ma ya haifar da dokokin ƙayyade kuɗin haya a Los Anjelis da San Faransisko da Santa Monika. Sannan ta bayyana cewa kaso mafi tsoka na sauƙin 1978 ya tafi ne ga kamfanoni da masu gidajen haya da manyan gonaki. Babban dalili kuwa shi ne babu wanda harajin albashi ya taɓa yi wa barazanar raba shi da ɗakin kwanansa.

Wasu malaman jami'a biyu, David Sears da Jack Citrin, sun bi diddigin ra'ayin masu zaɓen a wani littafi da suka fitar a 1982. Sun gano cewa yawancin waɗanda suka zaɓi rage haraji ba sa son a rage kuɗin makarantu ko 'yan sanda ko asibitoci, wasu ma ƙari suke so. Abin da suka yi imani da shi shi ne akwai ɓarna da almubazzaranci a gwamnati da za su isa a cike giɓin. Wasu na kallon wannan a matsayin son banza. Ni ina ganin rashin yarda ne, kuma gwamnatin da ta zauna a kan biliyoyi tana kallon mutane na kuka ita ta koya musu shi.

Sai dai maganin da aka sha ya bar nasa ciwon, kuma waɗanda ba su kai shekarun zaɓe ba a 1978 su ne suka gaje shi. Da yake ba a sake ƙiyasta gida sai an sayar, maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, katanga ɗaya, na iya biyan haraji mai tazarar ninki biyar ko goma. Wata lauya da ta sayi ƙaramin gida a Los Anjelis a 1988 a kan dala 170,000 ta tarar tana biyan kusan ninki biyar na abin da tsofaffin maƙwabtanta ke biya. Ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 1992 alƙalai takwas cikin tara suka ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. A 2003 hamshaƙin attajirin nan Warren Buffett ya faɗa da bakinsa cewa gidansa na gaɓar teku a Kalifoniya, mai darajar dala miliyan 4, harajinsa dala 2,264 ne, alhali gidansa na jihar Nebraska mai darajar dala 500,000 yana biya masa fiye da dala 14,000. Dokar da aka yi don kare tsohuwa mai fansho ta kare shi ma, ta kare manyan otal-otal da kamfanonin da ba sa sauya hannu, ta bar matashin da ya sayi gidansa na farko da bashi yana ɗauke da kayan. Wannan zalunci ne, ko da kuwa kotu ta halatta shi.

Iko ma ya tashi daga hannun jama'ar gari ya koma Sakramento, domin majalisar jiha ce yanzu ke raba ɗan abin da aka tara tsakanin birni da gunduma da makaranta. Kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi, wanda a da yake sama da na yawancin jihohi, ya faɗo ƙasa da matsakaicin ƙasar na tsawon shekaru. Ba dokar 13 kaɗai ke da alhakin wannan ba, akwai hukuncin kotun jiha na 1971 da 1976 da ya tilasta daidaita kuɗin makarantu tsakanin unguwannin masu hali da na talakawa, wanda masanin tattalin arziki William Fischel ke ganin shi ne ma ya sa masu gidaje suka daina ɗaukar harajin a matsayin kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Nauyin da aka sauke daga gidaje, harajin kuɗin shiga ne ya ɗauki mafi yawansa. Yau shi ke samar da fiye da rabin babban asusun jihar, kuma kaso mai yawa daga aljihun 'yan tsirarun masu kuɗi yake fitowa, waɗanda samunsu ke hawa da sauka da kasuwar hannun jari. Shi ya sa idan kasuwa ta faɗi jihar ke shiga uku, kamar a 2009 da ta kai ga biyan 'yan kwangila da takardun alƙawarin bashi. A 2012 Jerry Brown, wanda ya dawo kujerar gwamna bayan kusan shekara talatin, ya roƙi jama'a su ƙara wa masu babban samu haraji don ceto makarantu. Kimanin kashi 55 suka amince, matakin ƙoli ya kai kashi 13.3, a 2016 kuma suka sake tsawaita shi zuwa 2030.

Harajin gida kuwa har yanzu ba a iya taɓa shi ba. A Nuwamban 2020 ƙungiyoyin malamai da ma'aikata suka kawo ƙuduri mai lamba 15, wanda ya bar gidajen zama yadda suke, ya nemi a riƙa ƙiyasta manyan gine-ginen kasuwanci da masana'antu kaɗai bisa farashin kasuwa. Masu adawa suka shiga gari suna cewa yau kanti ne, gobe gidanka. Ƙudurin ya faɗi da kashi 52 a kan 48. A wannan zaɓen dai, da ƙyar, masu ƙuri'a suka yarda a taƙaita damar da aka ba 'ya'ya tun 1986 ta gadar ƙaramin harajin iyayensu tare da gidan: yanzu sai wanda zai zauna a cikinsa da kansa.