BABI NA BIYU: TARIHIN KARATUN LIKITA A BIRNIN KANO DA MATSAYINSA GA AL'UMMAR ACHIKA

2.0 Shimfiɗa

Achika gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, kuma ɗaya ne daga cikin mazaɓun wannan ƙaramar hukuma. Tsakanin Wudil da birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce a kan hanyar Maiduguri. A yau yaron da aka haifa a Achika zai iya yin karatun likita tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya fita daga jiharsa ba. Amma ba haka abin yake a da ba. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda makarantar koyon aikin likita ta riƙa matsowa kusa da Bakano, daga Ingila zuwa Ibadan, daga Ibadan zuwa Zariya, har ta iso Kano. Haka kuma za a nuna cewa kusancin makaranta kaɗai bai wadatar da ɗan ƙauye ba, domin akwai wani nisan da ba a auna shi da kilomita.

2.1 Magani Kafin Zuwan Asibiti

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da masu kula da lafiyarsa, kuma kowannensu yana da fagensa. Wanzami shi ne mai yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori shi ke gyara karaya da targaɗe. Ungozoma ke karɓar haihuwa, 'yar mai ganye kuma ta san sassaƙe da saiwoyin yara. Ga kuma malamai masu rubutun sha da nazarin littattafan ɗibbu na Larabci. Hasali ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan sana'o'i gadonsu ake yi. Ɗan wanzami yana rataye da zabirar ubansa yana kallo har hannunsa ya faɗa. Ke nan mai magani a gida yake koyo, a gida kuma yake aiki, cikin mutanen da suka san asalinsa. Aikin likita na zamani ya zo da akasin haka, wato dole ne mai neman sa ya bar garinsu shekaru masu yawa.

2.2 Zuwan Likitancin Turawa

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, a cikinsu har da wani likita mai suna Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, sai suka juya suka sauka a Girku ta ƙasar Zazzau. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, likitocin da suka zo da su sun fi mayar da hankali ga lafiyar sojoji da ma'aikatan gwamnati. Sai a shekarun 1920 ne Hukumar En'e ta gina asibitin cikin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976.

A wannan zamani Bature ne likita, ɗan ƙasa kuwa mataimaki ne. An buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya a 1930, sannan makarantar koyon aikin tsabta ta Kano a 1932, wadda ta riƙa yaye ma'aikatan da aka fi sani da duba-gari. Waɗannan ma'aikata, tare da malaman asibiti da ke tsare da ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi, su ne fuskar likitancin zamani da mutumin karkara ya fara sani. Wannan ne ma ya sa har yanzu a ƙauyuka ake kiran duk wanda ya sa farar riga yana yin allura da sunan likita.

2.3 Likitocin Farko na Arewa

Makarantar likita ta farko a Nijeriya ita ce ta Yaba da ke Legas, wadda aka buɗe a 1930. Ita ma mataimakan likitoci take yayewa. A 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan, aka mayar da karatun likita can, sai dai ɗalibai kan tafi Ingila su ƙarasa ɓangaren duba marasa lafiya, har zuwa 1957 da aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan.

Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita shi ne Dokta Russel Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya kuma tashi a hannun 'yan mishan na Zariya. Ya yi karatu a Kwalejin Sarki da ke Legas, sannan ya wuce Jami'ar Birmingham ta Ingila. Shi ne kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Bayansa an sami irin su Dokta Ishaya Audu, shi ma ɗan Wusasa, da Dokta Umaru Shehu daga Borno, waɗanda suka bi ta Ibadan suka ƙarasa a Ingila.

Dalilin ƙarancin likitoci 'yan Arewa a fili yake. Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920 an yi ta ne domin samar da malaman makaranta da ma'aikatan mulki. Makarantun midil kuwa ba su da ɗakunan gwaje-gwaje na kimiyya da za su shirya yaro ya ci jarrabawar shiga makarantar likita. Bugu da ƙari, iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da makarantar boko. Saboda haka ɗan talakan da ke noma a bakin kogin Wudil ko labarin wannan hanya bai ji ba, balle ya bi ta.

2.4 Makarantar Likita ta Kano, 1955

Da Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, gwamnatinsa ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa. A fannin lafiya matsalar ta fi tsanani, domin asibitoci na hannun Turawa da sauran baƙi, ga shi kuma mulkin kai ya ƙarato. Wannan ne ya sa aka buɗe makarantar likita a Kano a 1955, aka kuma yi amfani da asibitin birni wajen koyar da ɗalibai.

Manufar makarantar ita ce a yaye mataimakan likitoci cikin hanzari. Sai dai takardar shaidar da take bayarwa ba ta kai darajar digirin jami'a ba, kuma samun ɗaliban da suka yi kimiyya sosai a sakandare ya yi wuya. Don haka makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Duk da haka tana da muhimmanci a tarihi ta fuska biyu. Na farko, ita ce karo na farko da aka koyar da aikin likita a birnin Kano. Na biyu, ta nuna cewa gina makaranta a sama ba tare da gyara tushe ba, tamkar ɗora jinka ne a kan ginin da bai bushe ba.

2.5 Zamanin Zariya da Makarantun Kimiyya

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kuma buɗe tsangayar koyon aikin likita a cikinta a 1967, lokacin da Dokta Ishaya Audu ke shugabancin jami'ar. Ɗalibai sun riƙa koyon aiki a asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. A wannan shekara ta 1967 ne kuma aka ƙirƙiro Jihar Kano, wadda ta tashi da ɗimbin jama'a amma da ƙarancin likitoci 'yan asalinta. Makaranta ta matso kusa, amma Kanawan da ke da sakamakon shiga cikinta ba su taka kara sun karya ba.

Domin magance wannan, a 1977 gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, ta kuma buɗe makarantu biyu na maza a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa cikin Jihar Jigawa bayan raba jiha a 1991. Ta hanyar jarrabawa ake zaɓo yara daga makarantun jihar, a ajiye su a makarantar kwana, a koya musu kimiyya zalla. Wannan mataki shi ne ya fi kowane buɗe wa ɗan karkara ƙofa, domin ƙwaƙwalwarsa ake dubawa ba gidan da ya fito ba. Da yawa daga cikin likitocin Kano na shekarun 1980 da 1990 'ya'yan waɗannan makarantu ne.

2.6 Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano

Jami'ar Bayero ta samo asali ne daga kwalejin da aka kafa a 1960, wadda ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, kafin ta tsaya da ƙafafunta a 1977. Da farko ta yi fice ne a fannin Larabci da addinin Musulunci da harsuna. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe tsangayar koyon aikin likita. A watan Agusta na 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa asibitin koyarwa, wanda ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano da ya rasu a 1983. Asibitin ya fara aiki ne a matsugunin aro a cikin asibitin Murtala, daga baya ya koma mazauninsa na dindindin a kan titin Zariya cikin shekarun 1990.

Wannan tsangaya ta zo a lokacin tsanani. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, littattafai da kayan aikin da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Ƙwararrun likitoci da dama, waɗanda su ne ya kamata su koyar, suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka neman albashi mai tsoka. A cikin wannan hali ne waɗanda suka tsaya suka raini tsangayar har ta fara yaye likitoci.

2.7 Tsarin Karatun da Nauyinsa

Ɗalibi yana shiga ne ta hanyar jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, bayan ya ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku a sakandare. Karatun shekara 6 ne idan ba a sami tsaiko ba. A shekarar farko ana ƙarfafa tushen kimiyya. Daga nan sai a shiga nazarin ƙirar jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, inda ɗalibi zai feɗe gawa da hannunsa. Wannan mataki yana da nauyi ga yaron da ya tashi yana ganin ana gaggauta yi wa mamaci sutura. A ƙarshensa akwai jarrabawa mai tsanani wadda ke mayar da wasu zuwa wasu fannoni.

Wanda ya haye sai ya koma asibiti, ya koyi sanin cututtuka da magunguna, ya zagaya sashen yara da na mata da haihuwa da na tiyata. Akan kuma kai ɗalibai cibiyar lafiya ta Kumbotso domin su ga yadda rayuwar karkara take. Bayan kammalawa sai a yi shekara guda ana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, kafin hukumar kula da aikin likita ta ƙasa ta ba da cikakken lasisi, sannan a tafi bautar ƙasa.

Da Turanci ake koyarwa, amma da Hausa majiyyaci yake kuka. A nan ɗan ƙauye yana da wata fifiko, domin idan tsohuwa ta ce tana fama da sanyi ko zahi ko daji, ya san abin da take nufi, ya kuma san abin da ta sha kafin ta zo asibiti.

2.8 Matsayin Wannan Tarihi ga Achika

Idan aka dubi abin da ya gabata, za a ga cewa ɗan Achika yana fuskantar shinge uku. Na farko shi ne tushe, wato samun firamare da sakandare masu malaman kimiyya. Na biyu shi ne guzuri. Ko da yake kuɗin makarantar gwamnati bai kai na masu zaman kansu ba, manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi, ba ƙaramin aiki ba ne ya ɗauki nauyin ɗa a birni har shekara 6, musamman ma idan yajin aikin malaman jami'a ya tsawaita zaman, kamar na 2022 da ya ɗauki wata 8. Ga 'ya mace kuwa akwai ƙarin batun aure, alhali matan karkara sun fi sakewa da likita mace.

Shinge na uku shi ne dawowa. Likitan da ya gama yana bukatar asibiti mai kayan aiki da manyan da za su ƙara horar da shi, waɗannan kuwa a birni suke. Saboda haka garin da ya yi tarbacen kuɗin motar ɗansa, sau da yawa sai ya bi shi birni kafin ya amfana da iliminsa. Mai naƙudar da haihuwa ta zo mata da gardama a Achika, sai an ɗauke ta zuwa babban asibitin Wudil, idan abin ya faskara a wuce Kano.

2.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda karatun likita ya taso daga ƙasar waje ya iso Kano cikin kimanin shekara 50, daga zamanin Dokta Dikko zuwa kafuwar asibitin koyarwa a 1988. An kuma ga cewa makarantar 1955 ta gaza ne saboda raunin tushe, ita kuwa ta Jami'ar Bayero ta sami ɗalibai saboda makarantun kimiyya na 1977 sun share mata fage. Darasin da ke ciki ga Achika da makamantanta shi ne, daga ajin firamare ake fara yin likita, kuma aikin bai cika ba sai likitan ya sami abin da zai zaunar da shi kusa da mutanensa. Babi na gaba zai dubi yadda mutanen wannan yanki suke kallon asibiti da maganin gargajiya.